markdownlint a VS Code, gaskiya yana gyara kanun rubutu

Jama'a duk mai rubuta README (fayil ɗin gabatar da manhaja) ko bayanin manhaja da Markdown (salon tsara rubutu da alamomi, kamar # don kanu) ya gwada markdownlint, ƙari ne a manhajar rubuta code ta VS Code da ke nuna kurakuran Markdown, kyauta ne, David Anson ne ya haɗa shi kuma wallahi wajen kanun rubutu ba ya wasa. Ka sa # ɗaya a sama sai ka tsallaka zuwa ### ba ka bi ta ## ba, nan take zai ja maka layi ya nuna lambar doka MD001, wato matakan kanu su riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya. Ka manne # da kalma babu sarari kuma MD018 ne, wannan kam ya taimaka sosai don GitHub (shafin ajiye code) ba ya ɗaukarsa a matsayin kanu sam, rubutu kawai zai fito da # ɗinsa a gaba.

Abin da ya fi burge ni MD003, ba ya yarda ka cakuɗa salon # da salon ja layin === a ƙasa cikin fayil ɗaya, dama shi na layin mataki biyu kaɗai yake da shi, na # kuwa har shida.

MD024 ne dai ke takurawa idan kanu iri ɗaya ya maimaitu kamar a fayil ɗin CHANGELOG (jerin canje-canjen manhaja), amma ka kunna siblings_only (wato ya duba maimaici tsakanin kanun da ke ƙarƙashin babban kanu ɗaya kaɗai) a fayil ɗin saitinsa .markdownlint.json shikenan ya lafa.