Kafin ka sa wa ƙaramin jirginka farantan daidaita tafiya

Duk wanda ya taɓa fita daga Tema a Gana da ƙaramin jirgi mai inji tsakanin Yuni da Agusta ya san dukan da teku ke yi. Goshin jirgi ya ɗaga sama, ya faɗo tim, ƙugunka ya amsa. Maganin shi ne farantai biyu na ƙarfe da ake ɗaurawa a gindin jirgi, dama da hagu, waɗanda masu sayarwa ke kira tirim tab. Ka sauke su, ruwa ya tura bayan jirgi sama, goshi ya sunkuya ya riƙa yanka igiyar ruwa da kaifinsa maimakon ya mare ta da ciki. Ka sauke ɗaya kaɗai, jirgin da kaya suka karkatar ya miƙe.

Ni dai nawa ƙirar kamfanin Bennett ne mai aiki da mai, kuma ba na ɓoyewa. Famfonsa yana cikin jirgi a busasshen wuri, yana shan wutar batir mai bolt 12. Abin da ke cikin ruwa silinda ce kawai, babu mota, babu wayar wuta da gishiri zai ci. Mansa kuwa man giyar mota otomatik ne, wanda ko a Nima ka tsaya za ka samu. In ya fara yoyo, idonka zai gani, kowane makaniki ya gyara. Gaskiya ɗaura shi yana cin yini guda, kuma bai kai na lantarki saurin amsawa ba. Na yarda da wannan. Wajen girma, a ƙiyasta faɗin inci ɗaya ga kowace ƙafa ta tsawon jirgi: jirgi mai ƙafa 18, faranti mai inci 18 in gindin ya ɗauka.

Lenco na lantarki ne, yana da sauri, amma motarsa tana kwana cikin ruwan gishiri. Smart Tabs su ke daidaita kansu, ba ka da maɓallin ɗage su daga mazauninka. Fiffiken da ake huda inji a ɗaura ba ya gyara karkata. Zipwake kuwa na manyan alhazai ne.

Maganar ɗagewa ita ce ta kusa halaka ni. In igiya tana binka a baya, dole farantai su koma sama gaba ɗaya, in ba haka ba goshi ya nutse, jirgi ya juya gefe. Wata rana ina shigowa bakin kogin Bolta a Ada, na hagu ya ƙi tashi. Ni da ƙanena salati kawai muke yi. Na lantarki ne da na saya da araha, kafin Bennett ɗin, a wani shago nan Ankara, kwali mai kyau, suna mai kyau, ashe jabu ne. Da muka kwance shi, ruwa ne fal a ciki.

Saboda haka ɗan'uwa, buɗe ido. Kada ka biya sidi ko ɗaya sai an buɗe kwalin a gabanka. Ɗaga farantin ka ji nauyinsa. Na jabu sirara ne, hannu ma yana lanƙwasa shi. Kai masa maganaɗisu: in ya manne ƙam, ajiye musu kayansu. Duba kusoshin ma, don akwai masu sa faranti na gaske su haɗa ka da kusoshin banza, wata biyu tsatsa ta zubo. Na hannu da aka cire daga tsohon jirgi aka goge aka ce sabo ne, dubi ramukan kusa, za ka ga sawun ɗauri. Kuma wanda ya ce maka ba sai ka sa wa farantan tutiya ba, wato guntun ƙarfen da gishiri ke ci a madadinsu, alhali jirginka a teku yake kwana, bai san gishiri ba, ko kuwa so yake ka dawo baɗi ka sake saye.