Tsohon Bridgeport ko sabon ƙaramin injin milin na China?

Ɗan'uwa, tsakanin tsohon Bridgeport ɗin tokumbo, wato babban injin milin na sassaƙa ƙarfe, da wancan ƙaramin na China sabo a kwali da ka tambaya, Bridgeport ɗin za ka ɗauka, kar ma ka tsaya dogon lissafi.

Shi ne a shagona. Asalinsa ɗan Amurka ne, tun 1938 ake fitar da samfurin nan mai kai yana juyawa, 'yan Taiwan ma sun kwafe shi sosai shi ya sa kayan gyaransa ba sa wahala kamar na sauran, kolet ɗinsa, wato abin da ke damƙe wuƙa, samfurin R8 ne. Nauyinsa ya kusa tan ɗaya, kuma a aikin milin nauyin nan shi ake saye, tunda a nan wuƙa ce ke juyawa aiki yana ɗaure a bais, wato abin da ke matse shi a kan tebur, ba kamar injin tanin ba da ƙarfen ke juyawa, to duk haƙorin wuƙar da ya sari ƙarfe sai ya bugi injin, in ba shi da jiki sai ya kama rawa, fuskar aiki ta fito da zane-zane wuƙa kuma ta dakushe ko ta karye maka. Ana gab da sallah wani mai injin markaɗe ya kawo min shaf, wato sandar injin da ke juyawa, ramin kii, ɗan ƙarfen da ke hana shi zamewa, ya cinye gaba ɗaya, mata sun jera bokitai suna jiransa, muka cike wurin da walda aka goge a tanin, na ɗora shi na yanke sabon rami na milimita 8, wallahi ko girgiza bai yi ba, kii ya shiga da ɗan bugun guduma kaɗan. Bawan Allahn nan har gida ya aiko min da naman sallah.

Ƙaramin na taɓa riƙe irinsa. Bai fi buhun siminti nauyi da wani abin kirki ba, giyarsa ta ciki ta roba ce, alminiyam da roba yana ci, ƙarfe kuwa sai lallashi. Abin da zan yaba masa kawai yana tashi da wutar gida.

Maganar wuta, Bridgeport tiri fes yake so, in layinku babu sai ka haɗa da inbata ta VFD mai mai da wutar gida tiri fes, amma ka fara duba farantin motar injin ka ga ko bolt 220 take ɗauka ko 380, ka sa kuɗinta a lissafi tare da na ɗauko shi da zuba kankare inda zai zauna.

Sannan ka yi hattara da dillalai, ko a Panteka ne ko Ƙofar Ruwa ko Legas. Wasu fenti kawai suke watsa wa mataccen inji su ce yanzu aka sauke shi daga kwantena. Kar fenti ya ruɗe ka, murza tebur ɗin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, in a tsakiya yana lilo a gefe kuma ya ƙage to hanyoyin da yake zamewa a kai sun cinye, gyaransu ya fi ƙarfin aljihunka. Sa dayal, wato agogon awo, a sandar da ke riƙe wuƙa ka juya da hannu ka ga ko tana karkacewa. Wanda ya ce maka babu wuta ba za a iya tayarwa ba, ce masa ya nemo janareta ko ka yi gaba. Kuma kafin ka miƙa kuɗi a yi magana a gaban shaida cewa bais da kolet suna ciki, don sun saba cire su su sake sayar maka daban.