OraQuick: gwajin ƙanjamau na gida ga matan da ke tsoron ƙofar asibiti a Jidda

A Saudiyya karuwanci laifi ne da ke kai mace kurkuku, baƙuwa kuma a ƙarshe tarhil, wato a mayar da ita ƙasarsu. A Fabrairun 2025 ma'aikatar cikin gida ta buɗe sashe na musamman na tsaron al'umma da yaƙi da safarar mutane, kame kuma ya biyo baya. Ga 'yan'uwanmu mata da ke wannan rayuwa a unguwannin Karantina ko Hindawiyya na Jidda, wasu biza ta ƙare, wasu dillali ya riƙe fasfo, wannan na nufin kowace ta ja jikinta. Wadda aka daka ba ta zuwa wurin askarawa ('yan sanda), mai ciwo tana shan magani a ɓoye, ko maƙwabciyar ɗaki ba a gaya wa gaskiya don gudun tsegumi ya isa kunnen hukuma. Baƙon da aka tabbatar yana da ƙanjamau kuma yawanci ƙasarsu ake mayar da shi. A irin wannan hali ne OraQuick yake da daraja, domin ana samunsa a wasu manyan saidaliyya (kantunan magani), mace ta gwada kanta ba tare da kowa ya nemi igama, wato takardar izinin zama, ba.

Cikin fakitin akwai sandar gwaji mai falle a baki, ƙaramar kwalba mai ruwan magani, mazaunin kwalbar da takardar bayani. Babu allura, babu jini. Kada a ci ko a sha komai minti 15 kafin gwaji. Idan an goge baki ko an kuskure da maganin wanke baki, a jira minti 30. A kafa kwalbar a mazauninta, a buɗe a hankali kada ruwan ya zube. A goga fallen sau ɗaya a dasashin sama, sau ɗaya a na ƙasa, ba a harshe ba, kuma kada yatsa ya taɓa shi. A tsoma har ya kai gindin kwalba. A karanta bayan minti 20, kada a wuce minti 40. A jikin sandar akwai harafin C da na T: layi ɗaya a kan C yana nufin ba a ga alamar cutar ba. Layi biyu, a C da T, ko da na T ɗin dishi-dishi ne, yana nufin sai an tabbatar da gwajin jini. Idan C bai fito ba gwajin ya lalace, a sayi sabo.

Inda aka fi yin kuskure shi ne lokaci. Sandar ba ƙwayar cutar take gani ba, garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙarta take nema, kuma hakan kan ɗauki har wata uku. Wadda kwaroron roba ya fashe mata makon jiya za ta iya ganin layi ɗaya ta saki jiki alhali cutar ta shiga. A binciken da Amurka ta dogara da shi kafin ta amince da shi a 2012, cikin kowane mutum 12 masu cutar da suka gwada kansu kusan mutum ɗaya bai gano ba, amma layi biyu na ƙarya da wuya yake fitowa, kamar ɗaya cikin 5,000. Don haka mai wannan sana'a ta maimaita duk wata uku. Zafi ma matsala ne: ba a ajiye shi inda ya haura digiri 30, ɗakin saman soro mara na'urar sanyaya ɗaki a Jidda kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Wadda ta riga ta fara shan maganin ƙanjamau kada ta yi amfani da shi, zai iya nuna mata babu. Kuma ba ruwansa da tunjere, ciwon sanyi ko ciwon hanta.

Raunin da ya fi damuna ba a sandar yake ba. Layi biyu ya fito, mace tana zaune ita kaɗai, ba mai ba ta shawara, ga tsoron cewa tabbatarwa a asibiti na iya zama tikitin komawa gida. Shi ya sa nake cewa kada a yi gwajin da dare, kuma a nemi mutum ɗaya amintacce ya zauna kusa. Lambar ma'aikatar lafiya 937 tana amsa tambayoyin lafiya ta waya. Wadda aka yi wa fyaɗe ko roba ta fashe mata, ba gwaji take buƙata da farko ba: akwai maganin riga-kafi da ake farawa cikin awa 72 a sha kwana 28, kuma a asibiti ake bayarwa, inda dokar ta sa take tsoron takawa.

Idan jini ya tabbatar, komawa gida ba ƙarshen rayuwa ba ne. A asibitocin gwamnati na Najeriya, har da na Malam Aminu Kano, maganin kyauta ne, mai shan sa kullum tana rayuwa lafiya ta haifi ɗa mara cutar. Zaman Jidda babu magani shi ne haɗarin. Ina ba da shawarar a sayi OraQuick, a duba ranar ƙarewar aikinsa a jikin fakiti tun a gaban mai saidaliyya.