Alƙahira ko Istanbul: ina ya fi wa matafiyin da ba ya cin nama?

Hajiya, kin ce ke da maigida kuna da hutun kwana huɗu kacal, kuna so ku tashi daga Kano ku je buɗe ido ko dai Alƙahira ko Istanbul, amma likita ya hana shi cin nama har da kaji, kifi kuwa dama bai dame shi ba, sai dai yana cin ƙwai yana shan madara. Allah ya ƙara masa lafiya. Ni dai Alƙahira zan zaɓar muku, kodayake akwai sharaɗi guda da zai iya juya maganar gaba ɗaya, kuma zan zo kansa.

Mai kwana huɗu ba shi da ranar da zai zubar a hanya. Jirgin EgyptAir ya daɗe yana tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano kai tsaye zuwa Alƙahira, tafiyar da ba ta wuce awa biyar, abin da ya sa ɗaliban Azhar da masu zuwa ganin likita suka mayar da ita kamar zuwa unguwa. Istanbul kuwa yawanci sai an bi ta Abuja ko Legas, a yi fiye da awa shida a sama, sannan filin jirginsu da aka buɗe a 2018 yana da nisan kimanin kilomita 40 daga tsohon gari. Idan aka haɗa zuwa da dawowa, kwana huɗun nan sai su koma kamar biyu da rabi. Dukkan ƙasashen biyu sai da biza, saboda haka a fara da ita kafin a yanki tikiti.

A wajen abinci, abin da ya ba Alƙahira fifiko shi ne cimar yau da kullum ta mutanenta tun asali ba ta da nama, wato ba sai an nemi gidan abinci na musamman ba. Karin kumallonsu shi ne ful, wani wake mai faɗi da ake dafawa dare guda har ya yi lugub, a zuba masa mai da lemon tsami, a ci da gurasarsu wadda duk wanda ya saba da ta Jakara ba zai yi baƙunta da ita ba. Kusa da mai ful za ki tarar da mai ɗa'amiyya, wadda ƙosai ce kawai da aka niƙa wakenta da ganye, shi ya sa cikinta ke fitowa kore. Da rana kuma akwai koshari, ɗan'uwan garau-garau: shinkafa da adas (wani ɗan ƙaramin wake) da makaroni da wani wake mai kama da gurjiya, a malala miyar tumatir, a barbaɗa soyayyiyar albasa, mai so ya ƙara ruwan tafarnuwa da yaji. Akwai shagunan da ba sa sayar da komai sai shi, kuma a irinsu maigida ba ya buƙatar tambayar kowa abin da ke cikin tukunya. Zoɓo ma yana nan, suna kiransa karkade, ga ruwan rake da ake matsewa a gaban mutum.

Wani abu da ke taimakawa shi ne Kiristocin Masar, wato Ƙibɗawa, suna da azumi mai yawa a shekara wanda suke barin nama da ƙwai da madara a cikinsa, don haka masu abinci sun san kalmar siyami sarai. Idan aka ce ana son abinci siyami, za a kawo marar nama, sai dai a lura cewa a wasu azuminsu ana cin kifi.

Istanbul ba ta rasa nata ba, kuma in ana maganar kayan lambu ta fi Alƙahira iya sarrafa su. Turkawa suna da rukunin girki guda da suke kira zeytinyağlı, ganye da kayan lambu da ake dafawa da man zaitun a ci da sanyinsu, kamar ɗanyen wake da baƙin yalo da aka cusa wa albasa da tumatir, kuma bisa al'ada nama ba ya shiga cikinsu. Karin kumallonsu cuku ne da zaitun da tumatir da zuma da ƙwai, ga simit, burodi mai kama da awarwaro da aka baɗe da riɗi, wanda ake sayarwa a jajayen kekuna ko'ina. Matsalar ita ce titin Istanbul titin nama ne: kebab da döner ne ke fara tarar mutum a kowace kwana, abincin ganyen kuwa sai an shiga ƙananan gidajen abinci da ake kira lokanta, inda ake jera tukwane a bayan gilashi mutum ya nuna da yatsa. Kuɗin cin abinci a unguwannin baƙi kuma ya fi na Alƙahira nesa ba kusa ba.

Inda za a fi yin hattara a biranen biyu shi ne romo, domin tsokar nama ana ganinta a kauce mata, romo kuwa ɓoye yake. A Masar miyar mulukhiyya, wadda lalo ce irin tamu, da romon kaza ko na zomo ake yinta, kuɓewarsu ma da nama ake dafa ta, kuma ganyen da ake naɗe shinkafa a ciki sau da yawa a romo yake nuna. A Turkiyya farar shinkafar da ake ganin ba ruwanta da komai akan dafa ta da romon kaza, haka ma miyar adas a wasu wuraren. Ni kaina na taɓa sayen wani farin kayan zaƙi mai kama da kunun madara mai kauri a Istanbul, sai da na cinye aka gaya mini sunansa tavuk göğsü, wato ƙirjin kaza, kuma da zaren tsokar kaza ake haɗa shi. Kalmar etsiz tana nufin marar nama, et suyu kuma romon nama, amma da yawa daga masu abinci ba sa lissafa kaza cikin nama, saboda haka sai an ambaci tavuk, wato kaza, daban. A nan ma Alƙahira ta fi sauƙi ga mutumin Kano, domin duk wanda ya yi Islamiyya zai iya cewa bidun lahm wa la dajaj, wato ba nama ba kaza, a fahimce shi, alhali Turkanci ba shi da inda za mu kama shi.

Ta fuskar yawo kuwa gaskiya Istanbul ce a gaba. Aya Sofiya, cocin da aka gama ginawa a 537, wadda ta koma masallaci a 1453, ta zama gidan tarihi, ta sake komawa masallaci a 2020, tana fuskantar masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, fadar Topkapi kuma, inda ake ajiye takubba da alkyabbar da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW), tana bayanta da tafiyar mintuna kaɗan. Jirgin ƙasa na kan titi yana bi ta wajen har bakin ruwa, inda ake hawa jirgin ruwa a tsallaka ɓangaren Asiya da kati ɗaya, sannan ga kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari a unguwar Eyüp. A kiyaye dai cewa Topkapi ba ta buɗewa ranar Talata, babbar kasuwarsu mai rufi kuma ba ta ci ranar Lahadi. Alƙahira wurarenta a warwatse suke, kuma cunkoson motocinta ya ninka na Kantin Kwari ana gobe Sallah, ga ƙarar ham ba dare ba rana, ga masu raƙuma a Giza, wajen dalar fir'aunoni, da ba sa jin a'a. Jirgin ƙarƙashin ƙasa da suka buɗe a 1987 yana rage wahala, har yana da taragun mata zalla, amma ba ko'ina yake kaiwa ba.

Duk da haka kwana huɗu sun isa idan aka ba kowace rana shiyya ɗaya. A tafi Giza da sassafe kafin rana ta take, a ga dalar Khufu da tsayinta na asali ya kai mita 146, wadda dattawanmu da suka ga dalar gyaɗa za su ce sun san fasalinta. Rana ta biyu ta tsohon gari ce: masallacin Azhar da aka aza harsashinsa a 970, masallacin Sayyidina Husaini, kasuwar Khan al-Khalili da titin Mu'izz, duk a ƙafa. Ganuwar Salahuddin da aka fara a 1176 da masallacin Ibn Tulun na 879 za su cika rana ta uku, ta huɗu kuma a je tsohuwar unguwar Fusɗaɗ a yi salla a masallacin Amr ibn al-As, a shiga gidan tarihin da aka mayar da gawawwakin sarakuna da sarauniyoyin Masar 22 a shekarar 2021, da yamma a hau kwalekwale a Nilu.

Sharaɗin da na ambata shi ne dalilin da ya sa likita ya hana naman. Idan maiƙo ne ake gudu, ko kuma akwai ciwon suga, to ɗa'amiyya suya ce, koshari kuma shinkafa ce a kan taliya da soyayyiyar albasa, kwana huɗu a kansu ba zai yi wa maigida daɗi ba, kuma a nan kayan lambun Istanbul da man zaitun sun fi dacewa da shi ko da an yi asarar kwana a hanya. Haka nan idan tafiyar ta faɗa tsakanin Yuni da Agusta, zafin Alƙahira ya kusa kai na bazarar Kano, yayin da Istanbul a Disamba da Janairu sanyi ne da ruwan sama, wani lokaci har da ƙanƙara, ga hawa da gangara. Ki sa maigida ya karanta wa likitansa sunayen abincin nan, musamman waken da adas, tun kafin ku kai fasfo wajen biza.