Daren kiɗan rok mai nauyi a Samaru: abin da na gani da abin da kunnena ya sha

Wata ranar Asabar cikin hunturun da ya wuce, mu huɗu muka tashi daga Tudun Wadan Zariya bayan sallar isha'i, muka hau keke zuwa Kwangila, daga can muka sake wani ya kai mu Samaru, domin halartar wasan kiɗan rok mai nauyi da wasu matasa suka shirya a wani zauren taro da ake bayarwa haya don bukukuwa. Ƙanen ɗaya daga cikinmu ne yake kaɗa jitar bes, wato mai kaurin murya, a ƙungiyar da za ta yi wasan, kuma ya yi makonni yana roƙon yayansa ya zo ya gane wa idonsa abin da yake kwana yana koyo. Kowannenmu ya biya naira 3,000 a bakin ƙofa, aka ɗaura mana zare mai launi a wuyan hannu a maimakon tikiti. Ni da kiɗan kalangu da waƙoƙin Mamman Shata na tashi, ban taɓa zama na saurari wannan irin kiɗa ba, don haka na shiga zauren ba tare da wata ƙauna ko ƙiyayya da na ƙulla tun daga gida ba.

Sanarwar ta ce za a fara da ƙarfe takwas da rabi, amma sai da goma ta gota kafin a buga gangar farko. Mun zauna a kan kujerun roba, sanyi yana shigowa ta tagogi, ana ta gwada makirfo ana jan wayoyi a ƙasa, kuma babu ko mutum ɗaya daga cikin masu shirya taron da ya hau dandamali ya ba jama'a haƙuri. Wanda ya karɓi kuɗin mutane yana da haƙƙin gaya musu abin da ya tsayar da shi, ko da kalma biyu ce.

Da aka fara kuwa, na manta da zaman jiran. Mai ganga ya haɗa sandunansa sau huɗu a sama, sai jita biyu da bes suka faɗo a lokaci guda, na ji sautin a ƙirjina kafin in ji shi a kunne, har ruwan gorar da na ajiye a kan kujera yana rawa. Sautin jitar ba irin wanda muka saba ji a waƙoƙin rediyo ba ne. Yana da kaushi da kauri, kamar injin niƙa da aka koya wa bin ƙa'idar kiɗa. Daga baya ƙanen abokinmu ya bayyana mana cewa da gangan ake yin hakan: ana tura wa na'urar ƙara sauti siginar da ta fi ƙarfinta, sai ta datse kan sautin, abin da ya fito ya zama mai gurnani kuma ya daɗe yana amo bayan an taɓa tsirkiya sau ɗaya. Akwai wasu 'yan akwatunan ƙarfe a gaban kowane makaɗi, yana taka su da ƙafa, yana sauya muryar jitar daga mai laushi zuwa mai gurnani a cikin ƙiftawar ido.

Mai gangar ne ya fi ɗaukar hankalina, har na bar kujerata na koma gefen dandamali don in ga yadda yake yi. Siririn yaro ne da bai wuce shekara ashirin da biyu ba, yana zaune a tsakiyar ganguna biyar da fayafayan tagulla, ya cire takalmi ya ajiye a gefe, ƙafafunsa biyu suna taka wasu ƙarafa da ke dukan babbar gangar ƙasa bi da bi, da saurin da ido ba ya iya ƙirgawa, alhali hannayensa suna wani aiki dabam a sama. A cikin wannan sanyi na Zariya da kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, shi gumi ne yake ɗiga daga haɓarsa zuwa kan fatar ganga. Sau ɗaya sandarsa ta karye, rabin ta yi sama, ya zaro wata daga jakar da ya rataye a jikin ganga ba tare da kiɗan ya yi tuntuɓe ba. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗin kalangu a filin dambe ya san irin wannan haɗuwar jiki da kayan kiɗa, kuma ban yi zaton zan same ta a nan ba.

A lokacin hutu ƙanen abokinmu ya sauko da jitarsa a rataye, ya durƙusa ya gaishe mu, sannan ya ce, "Yaya, taɓa ka ji." Tsirkiyoyin huɗu ne, masu kauri kamar wayar birkin babur, kuma a sassauce suke. Ya ce sassautawar ce take saukar da murya ƙasa ta ba kiɗan nauyinsa, kuma al'adar tana da tarihi. A birnin Birmingham na Ingila, garin masana'antu, aka kafa ƙungiyar Black Sabbath a 1968, faifanta na farko ya fito a 1970, kuma ita ce da yawa suke ɗauka a matsayin tushen wannan kiɗan rok mai nauyi da ake kira hebi metal. Mai jitarta, Tony Iommi, injin masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17, ya ƙera wa yatsun hulunan roba, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya kuma ya sassauta su don rage wa yatsun zafi. Ɗaya daga cikinmu, wanda ya girme mu duka, ya ƙara da cewa kiɗan rok ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin a farkon shekarun 1970 an yi ƙungiyoyi irin su BLO da Ofege a Legas, kuma 'yan Ofege ɗaliban sakandare ne lokacin da suka yi suna. Na lura yaron bai san wannan ba, ya fito da waya ya rubuta sunayen.

Abin da ya sa na ce kuɗina ya halatta ya faru ne a zagaye na biyu. Wani dattijo mai kalangu ya hau dandamali, aka sa masa makirfo, mai jita kuma ya bar gurnani ya shiga wani salo mai gudu da lanƙwasa irin na Buzayen Nijar, wanda Bombino na Agadas da Mdou Moctar suka kai ƙasashen duniya. Shi Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma ta hanyar tura wa juna waƙoƙi a wayoyin hannu mutanen Sahara suka fara saninsa. Kunnen Bahaushe ya san wannan lanƙwasa, domin 'yar uwar ta gurmi da molo ce. Kalangu ya yi magana, jita ta amsa, kalangu ya sake ja, jita ta bi shi har inda ya tsaya. Ana cikin haka janareto ya shaƙe ya mutu, zauren ya yi duhu, jitocin duka suka yi shiru. Mai ganga da mai kalangu ba su tsaya ba. Jama'a suka kunna fitilun waya, aka shiga tafi bisa bugun, aka yi kusan minti biyar a haka kafin wuta ta dawo, kuma da ta dawo jitocin suka faɗo daidai kan bugun da ake kai, zauren ya ɗauki ihu baki ɗaya.

Na daɗe ina jin takaicin yadda bukukuwanmu suka koma. A yau mawaƙi yakan zo da waƙar da aka haɗa masa da fiyano a situdiyo, a sa ta a kwamfuta, ya riƙe makirfo yana motsa baki, idan wuta ta ɗauke kuma shi ke nan, an tashi. Waɗannan yara kowane sauti da ya fito daga hannunsu ya fito, a gabanmu, da kuskurensa da gyaransa, kuma sun yi watanni suna haɗuwa suna maimaitawa kafin su iya tsayawa tare su tashi tare. Wannan shi ne abin da makaɗan fada da na sana'a suka gada suka bar mana, kuma abin mamaki a wurin masu kiɗan da aka ɗauko daga Ingila na sake ganinsa.

Mawaƙin bai gamsar da ni kamar makaɗan ba. Yawancin waƙoƙin da Turanci ya yi su, cikin wata murya da yake fitarwa daga maƙogwaro kamar gurnanin zaki, kuma ko abokinmu da yake koyar da Turanci bai tsinci komai ba sai kalma ɗaya ɗaya. An ce haka salon yake, na kuma yarda, amma mu mutane ne da muke auna waƙa da maganar da ke cikinta. Waƙa ɗaya ya yi da Hausa, a kan matashin da ya gama karatu da hidimar ƙasa ya dawo gida yana zaman jiran aiki, ya kuma sassauta murya har ana jin baitocin. A nan ne kaɗai na ga 'yan bayan zaure sun miƙe suna amshi. Da ni ne mai ba su shawara, da na ce su yawaita irin wannan.

Babban laifin daren shi ne ƙarar sauti, kuma laifin masu shirya taron ne da mai kula da na'urori. Zauren rufin kwano ne babu silin, bangon da daɓen siminti ne, babu labule ko wani abu mai laushi da zai shanye amo, sai aka jera manyan lasifikoki a kan juna suna fuskantar mutane daidai tsayin kunne. Sautin yana dukan bango ya dawo ya haɗu da na bayansa, har a wasu wuraren jita biyun suka cakuɗe suka zama ƙugi ɗaya, aikin da yaran suka sha wahalarsa ya ɓace a ciki. Abokinmu ya buɗe manhajar auna sauti a wayarsa, ta riƙa nuna sama da desibel 100 a tsakiyar zaure. Ma'aunin waya ba cikakke ba ne, amma ya isa ya tayar da hankali, domin ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suke bi ita ce kunne yana jure desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, wato a desibel 100 minti 15 ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idar da ta fitar a 2022 don wuraren kiɗa, ta ce kada matsakaicin sauti ya wuce 100, a kuma tanadar wa mahalarta abin toshe kunne da wurin da za su fita su huta. Mu mun yi fiye da awa biyu a ciki, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Na je wurin mai na'urorin na sunkuya na ce masa, "Malam, don Allah a ɗan rage, kunnuwa suna ciwo." Ya amsa da ladabi cewa masu taron ne suka ce a ƙure, wai haka ake yi a ƙasashen waje. Na kwana biyu kunnena na hagu yana shuu, maganar iyalina tana zuwa mini kamar daga bayan ƙofa. Ƙananan ƙwayoyin da ke karɓar sauti a can cikin kunne ba sa sake tsirowa idan sun mutu, kuma waɗanda na fi ji wa tsoro su ne makaɗan kansu, musamman yaron nan mai ganga da yake zaune tsakanin fayafayan tagulla kunnensa a buɗe.

Ta fuskar tsari da ɗa'a ban ga abin zargi mai yawa ba. An caje kowa a ƙofa, ba a sayar da komai a ciki sai ruwa da lemo, an kuma ware wa mata kujeru a gefe ɗaya. Samari sun buɗe fili a gaban dandamali suna tsalle suna bangazar juna da kafaɗa, abin da na fara ɗauka faɗa ne, sai na ga duk wanda ya faɗi hannu uku ko huɗu ne suke miƙowa su ɗaga shi. Abin da ban yafe ba shi ne ƙofar baya da na tarar an garƙame da kwaɗo don kada a shigo ba biya. Zaure cike da mutane, wayoyin lantarki a shimfiɗe a ƙasa, janareto da jarkokin mai a jikin bango, sannan mafita ɗaya tak. Wannan ganganci ne da ran jama'a, kuma ajiye mai gadi ɗaya a ƙofar ya isa ya magance matsalar.

An tashi ƙarfe ɗaya saura, lokacin da keke ya yi wuya a hanyar Samaru, wanda kuma da an fara a kan lokaci da ba a kai haka ba. Muka zauna a teburin wani mai shayi muna jiran wani ɗan uwa ya zo da mota, muna magana da ƙarfi ba tare da mun sani ba saboda kunnuwanmu sun toshe. Ra'ayinmu ya rabu: biyu sun ce sun gani ya ishe su, ni da yayan mai bes muka ce za mu koma. Zan koma saboda makaɗan, zan kuma ba wanda yake son ganin kiɗan hannu na gaskiya shawarar ya je, da sharaɗin ya tanadi abin hawan komawa gida tun da wuri, ya zauna nesa da lasifika, ya duba ƙofofin fita kafin ya zauna. Washegari yayan ya shiga Sabon Gari, wurin masu sayar da kayan kariya na ma'aikata, ya sayo robobin toshe kunne guda biyar, ya ba ƙanensa ya ce ya raba wa 'yan ƙungiyar, ya fara da mai ganga.