Abin da za ka saya, da abin da za ka jinkirta, kafin ka tayar da tsohuwar motarka

Wanda ya shekara ashirin ko talatin da mota ɗaya, ya ajiye ta a garejin gida har kwalaye da tsofaffin tayoyi suka yi mata ƙawanya, yakan ɗauka cewa ya san ta ciki da waje. Amma motar da ya sani ita ce wadda ya ajiye a wancan lokaci, kuma tsatsa ba ta tsaya jiransa ba. Shi ya sa nake ganin kuskure ne babba a fara da sayen kaya masu ƙyalli kafin a san abin da ya rage na ƙarfen motar, domin halin ƙarfen ne zai nuna injin waldar da ake bukata, da safayar da za a nema, da aikin da ya kamata a miƙa wa gwani.

Ka fara da sanin irin ginin motarka. Wasu motoci, irin su tsohuwar Land Rover da aka soma ƙerawa a 1948, suna da shasi daban wanda aka ɗora bodi a kansa, haka ma Volkswagen Beetle ana kwance bodinta daga daɓen da take zaune a kai. Wasu kuwa, kamar Peugeot 504 da ta fito a 1968 da Mercedes W123, bodin ne ke ɗauke da nauyin komai. A irin na biyun, ruɓewar ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi ko wurin da ƙafafun mota suka kama bodi yana taɓa lafiyar wanda zai shiga motar. Ka bi waɗannan wurare da tsinin sukudireba kana dannawa, sannan ka bi bodin da maganaɗisu, domin inda ya ƙi kamawa, galibi foti ne aka cike rami da shi a wani gyara na baya. Wannan gwaji ba ya aiki a bodin Land Rover, tunda yawancinsa alminiyom ne, sai dai a shasinta da bangon da ke tsakanin inji da direba.

Kuɗinka na farko ya tafi kan abin da zai riƙe motar a sama. Jak aikinsa ɗagawa ne kawai, kuma robar da ke riƙe mansa tana iya saki ba tare da wata alama ba, don haka kada ka shiga ƙarƙashin mota sai tana zaune a kan ƙafafun ƙarfe huɗu da aka ƙera domin wannan aiki, waɗanda nauyin da aka rubuta a jikinsu ya zarce na motar. Kada ka ɗora ta a kan bulo, domin yana fashewa farat ɗaya. Gadar ƙarfe da ake hawa da taya tana da sauƙi, amma ba ta barin ka cire tayar, kuma motar da ba ta tashi sai an tura ta, abin da ƙaramin gareji ba ya bayar da fili a yi. Tare da waɗannan ka sayi kanta, da ƙananan ledoji da za ka rubuta wa suna, da abin kashe gobara mai gari. Mota ɗaya idan aka warware ta tana cin wurin motoci biyu ko fiye, kuma a cikin tarkacen gareji, ƙaramin noti da ba a ƙera irinsa yanzu yana ɓata a rana guda. Ka ɗauki hoton kowane abu kafin ka kwance shi.

Injin walda shi ne zaɓin da ya fi jawo nadama idan aka yi gaggawa. Ƙarfen bodin mota siriri ne, kaurinsa bai cika wuce milimita ɗaya ba, kuma waldar sanda da aka saba yin ƙofa da taga da ita huda shi take yi maimakon ta haɗa shi. Tana da amfani a ƙarfe mai kauri, amma ba a daɓe ko gefen bodi ba. Injin TIG, wanda ake riƙe kansa da hannu ɗaya ana tura waya da ɗayan, yana fitar da ɗinki mai tsabta da kyau, sai dai yana da jinkiri, yana son ƙarfe tas babu ko ɗigon tsatsa, kuma hannu biyu yake ci, wanda hakan ke da wuya ga mutumin da ke kwance a ƙarƙashin mota. Abin da ya fi dacewa da mai gyara a gida shi ne MIG, injin da ke turo wayar walda da kansa, kuma a cikinsa ma akwai iri biyu. Wanda ba ya amfani da tukunyar gas ya fi araha da sauƙin ajiya, amma ya fi zafi, yana watsa tartsatsi, yana barin datti a kan ɗinki. Mai amfani da gas ɗin argon da aka gauraya da carbon dioxide, da siririyar waya mai milimita 0.6, shi ne zai ba ka damar yin ɗigo ɗigo kana barin ƙarfen ya huce don kada ya lanƙwashe. Idan kana kwatanta injuna biyu, ka duba yadda wutarsu ke sauka ƙasa sosai, domin a aikin bodi ƙaramar wuta ake nema, alhali masu talla sun fi son ambaton babbar. Kuma kafin tartsatsi na farko, a cire tankin fetur da batir, a fitar da kwali da tsumma da gwangwanayen fenti daga ɗakin gaba ɗaya.

Idan binciken farko ya nuna ramuka biyu ko uku ne kacal, babu laifi ka bar sayen injin, ka kira mai walda ya yi su. Wanda zai canza daɓe da gefuna ne injin zai biya wa bukata.

Wajen cire tsatsa, burushin ƙarfe a kan inji ya isa ga wuri mai faɗi, ƙananan ƙarafa kuma a jiƙa su cikin ruwan sinadarin citric. Feshin yashi yana kaiwa lunguna, amma yana lanƙwasa rufi da ƙofa idan hannun bai ƙware ba, kuma ƙurar yashi tana lalata huhu, saboda haka ba aikin rufaffen gareji ba ne. Sufanu kuwa ka duba ma'aunin notin motarka tukuna: motocin Faransa da Jamus da Japan milimita ne, na Amurka na da inci ne, wasu tsofaffin na Ingila kuma suna da ma'aunin Whitworth wanda ba ya shiga ko ɗaya daga cikin biyun.

Safaya iri uku za ka tarar: ta asali da ta daɗe a ajiye ba a taɓa ɗaura ta ba, da sabuwar kwaikwayo, da ta gwanjo da aka ciro daga wata mota. Babu wadda ta fi sauran a kowane hali, abin da aka yi ta da shi ne ma'auni. A ƙarfe, kamar ƙofa, da fitila, da ƙarafan ado, ta asali ko ta gwanjo mai lafiya ta fi zama daidai, domin kwaikwayo sau da yawa sai an yanka an buga kafin layukansa su haɗu da na bodi. A roba kuwa lamarin ya juya. Tiyon da ya shekara arba'in a kwali ya tsufa ko da ba a taɓa shi ba, saboda haka tiyon burki, da na lagireto, da robobin da ke hana mai zuba, duk a sayi sababbi. Tiyon fetur musamman ya zama wanda ke jure ethanol, tunda ana gauraya shi da fetur a ƙasashe da yawa yanzu, kuma yana cin tsohuwar roba. Ni dai ba na yarda da gwanjo a burki ko sitiyari. Kada kuma ka zubar da tsohuwar safaya har sai sabuwar ta zauna a gurbinta, domin ita ce kaɗai abin da za ka gwada da shi.

Tsofaffin takalman burki da faifan kuloci na iya ƙunsar asbestos, wani ma'adini mai cutar da huhu, don haka a jiƙa ƙurarsu a goge, kada a hura ta da iska. Man burki mai lambar DOT 3 ko DOT 4 a jikin gwangwaninsa yana shan danshi, shi ya sa burkin motar da ta daɗe a tsaye ke cijewa. DOT 5 ba ya shan danshi, amma ba a haɗa shi da waɗancan, sai wanda ya sabunta layin burki gaba ɗaya.

A kan fenti ra'ayina a fili yake. Fentin zamani da ake haɗawa da sinadarin busarwa ya fi ƙarko da sheƙi, amma tururinsa yana ɗauke da isocyanate, wanda ke haddasa ciwon asma mai tsanani, kuma takunkumin ƙura ba ya tare shi, sai wanda ake turo masa iska mai tsabta daga waje. Tsohon fentin cellulose ya fi sauƙin gyara idan an yi kuskure, sai dai yana son shafe da yawa, yana kama wuta da sauri, kuma ƙurar gareji za ta zauna a kansa. Gara ka gama walda da gogewa da kanka, ka rufe ƙarfen da fentin ƙasa na epoxy wanda ke hana danshi isa gare shi, sannan ka kai motar wurin mai ɗakin fenti. Hakan zai kuma raba ka da sayen babban kwampiresa da ba ka da wurin ajiye shi.

Tayoyi da batir su zo a ƙarshe, domin aikin da aka yi wa lissafin watanni yakan ɗauki shekaru, kuma su biyun suna tsufa a tsaye. Ka bar motar a kan tsofaffin tayoyinta har injin ya tashi, burki ya kama. Idan ka zo sayen sababbi, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe na jerin da ya fara da haruffan DOT a gefen tayar: biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe kuma shekarar.