Minti 17 da durowar samurai ta cinye mana a Kyoto

Yau kwana huɗu da muka shiga ɗakin wasan kuɓuta na samurai, amma har yanzu idan na tuna fuskar ɗan yayana a tsaye gaban takobin nan sai raina ya sosu. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko wani zai karanta kafin ya kwashi iyalinsa ya kai su.

Yayana ne ya kawo mini ziyara nan Kyoto a ƙasar Japan inda nake karatu, ya taho da babban ɗansa mai shekara 13. Tun kafin su taso yaron ya hana ni sakat a waya: "Baffa, ni dai samurai nake so in gani." Na ce masa samurai kam, wato mayaƙan Japan na zamanin da, sun daɗe da shuɗewa, tun 1876 gwamnatin sarki Meiji ta hana su yawo da takobi, amma zan nemo masa abin da ya fi kusa. Abin da na samo shi ne wasan kuɓuta daga ɗaki, inda za a rufe ku a ba ku minti 60 ku warware kacici-kacici ku fito. Tun 2007 ake irin wannan wasa a garin nan, shi ya sa na saki jiki, na ce ai na zo gidan masu abin. Na yi mana rajista ta intanet mu uku, na zaɓi bayan la'asar don kada mu shiga da salla a kanmu. Kuɗin kun san yadda yake, ga ɗalibi irina ba ƙaramin abu ba ne.

Da safiyar ranar sai da na fara kai su fadar Nijo, wadda aka gina wa Tokugawa Ieyasu, shogun (wato shugaban mulkin soja) na farko daga gidan Tokugawa, a 1603, kuma a cikinta ne shogun na ƙarshe, Yoshinobu, ya sanar da mayar wa sarkin Japan da mulki a 1867. Abin da ya fi burge yaron a can shi ne daɓen katako da ke kuka kamar tsuntsu duk inda ka taka. Saboda haka da yamma da muka cire takalma aka tura mu wani siririn lungu, muka ji katakon ƙasa ya yi irin wannan kukan, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Baffa, irin na ɗazu!" A nan na ji kuɗina sun fara dawowa.

Labarin da aka ba mu shi ne mu bayin wani samurai ne a zamanin Edo, wato lokacin mulkin gidan Tokugawa, an yi wa maigidanmu ƙage an tsare shi, kuma akwai wasiƙa ɓoye a gidansa da za ta wanke shi. Sai mun nemo ta mun fita da ita kafin a kaɗa ƙararrawar asuba. Gaskiya sun iya shirya ɗaki. Tabarmar tatami ce malale, ƙamshinta na ɗanyar ciyawa ya cika wurin, ga ƙofofin takarda da ake ja gefe, ga sulke da kwalkwali a kusurwa, an zaunar da su a kan akwati kamar mutum na kallonka.

Ɗakin farko ba ni da abin cewa sai yabo, kuma Yaya ne ya yi mana rana a cikinsa, shi da ya shigo yana cewa rakiya kawai ya yo. Akwai kwaɗo mai lamba huɗu, ga wani zane rataye a bango da dabbobi huɗu a jere: zomo, doki, biri, zakara. Ga kuma igiya, idan ka ja sai hasken tagar ɗakin ya canza, a ji ƙarar ƙararrawa. Ni da yaron muna ta ƙirga ƙafafun dabbobi muna gwadawa. Yaya ya zauna a tabarma ya yi shiru yana ja yana saurare. Can ya ce, "Ku dakata. Wannan hasken na asuba ne, ta buga shida. Wancan na tsakar rana ne, ta buga tara. Mutanen nan da rana suke lissafin lokaci, kamar yadda muke duba lokacin salla." Haka abin yake kuwa. Kafin su koma agogon Turawa a 1873, Japanawa suna raba tsakanin fitowar alfijir da faɗuwar rana kashi shida, dare ma kashi shida, don haka sa'ar bazara da ta hunturu ba tsawonsu ɗaya ba. Kowane kashi da sunan dabbarsa: zomo asuba, doki tsakar rana, biri wajen la'asar, zakara magariba. Ƙararrawar kuma daga tara take farawa tana raguwa, tara, takwas, bakwai, shida, har zuwa huɗu. Muka sa 6, 9, 7, 6, kwaɗo ya buɗe. Shekara biyu ina garin nan ban taɓa kawo wannan a raina ba, sai ga wanda ya sauka shekaranjiya ya gano shi da kunne. Da a nan wasan ya tsaya, da taurari biyar zan ba su ban ko yi tunani ba.

Muka shiga ɗaki na biyu da sauran minti 38 a hannunmu. A nan ne abin ya lalace.

A ɗakin akwai wurin ɗora takobi, na katako, mai hawa biyu. Gajeren takobin yana kai a kafe, dogon kuma muka same shi ɓoye a bayan sulke. A ƙasan wurin akwai durowa a kulle, a bango kuma an rubuta cewa maigidan nan mai son zaman lafiya ne, ba ya tarbar baƙo da faɗa. Kafin in gama karantawa yaron ya ce, "Abba, na san wannan! Baffa, ku bar mini." Ya daɗe yana bibiyar labarin takubban nan, ya fi mu saninsu nesa ba kusa ba. Ya yi mana bayani yana haki don murna: ana ajiye katana, wato dogon takobin, a cikin kubenta kaifi na kallon sama, kuma idan lokacin zaman lafiya ne mariƙin yana ɓangaren hagu, don kada hannun dama ya yi saurin zare shi. Ya ɗauki takobin da hannu biyu, ya juya shi a hankali, ya ɗora, ya ja baya yana kallon durowar, bakinsa a buɗe yana jiran ta fito.

Shiru.

Ya ɗaga ya sake ɗorawa. Shiru. Ya matsa shi dama kaɗan, ya matsa shi hagu kaɗan. Na ga murmushin yana ɓacewa daga fuskarsa kaɗan-kaɗan. Ya ce, "To ko na manta ne?" Ya juya mariƙin dama, ya juya kaifin ƙasa, babu yanayin da bai gwada ba. Ni kuma, tun da ban kawo a raina cewa kayan wurin ne suka lalace ba, sai na fara neman wani abu daban, ina ɗaga tabarma ina laluben sulke. Yaya ya ce masa, "Ba komai, ɗana, sake tunani." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma kalmar ta ƙara tabbatar wa yaron cewa shi ne ya yi kuskure.

An ba mu damar neman haske sau uku ta lasifika. Muka danna. Ma'aikaciyar ta ce da Turanci mu kula da ɓangaren da mariƙin yake kallo. Na ce mata mun yi. Ta ce mu sake gwadawa. Muka mayar da shi yadda yaron ya fara ɗorawa, babu motsi. Bayan minti biyar muka sake dannawa, ta ce kaifin ya kalli sama. Jama'a, akwai kyamara a ɗakin! Tana kallonmu, tana ganin takobin a zaune daidai, kuma ta ƙirga mana waɗannan biyun a cikin ukun da muke da su. Wannan ne ya fi ci mini rai a lokacin, kafin in ga abin da ya fi shi.

Sai da na danna na uku na ce mata a fili durowar nan ba ta aiki, ta zo ta gani, sannan ta shigo. Ba ta kalli takobin ba ko sau ɗaya. Kai tsaye ta nufi gefen durowar ta durƙusa ta bugi katakon da tafin hannu, durowa ta yi tsalle ta fito. Na sunkuya na duba wurin da ta buga: fentin ya goge, katakon ya yi sheƙi saboda yawan duka. Ma'ana ba yau abin ya fara ba, kuma ba mu ne na farko ba. Ko maganaɗisun da ke riƙe durowar ne ya gaji, ko katakon ne ya kumbura yake cijewa, su suka sani, sun kuma san maganinsa, duk da haka suka bar mu minti 17 muna zargin kanmu. Ta sunkuyar da kai ta ba da haƙuri ta fita ta ja ƙofa. Na ɗaga kai na kalli agogon bango, yana ta tafiyarsa. Ba a ƙara mana ko daƙiƙa ɗaya ba.

Daga nan yaron ya daina magana. A durowar akwai wani ƙaramin akwatin sirri irin na garin Hakone, wanda sai ka zame katakansa bi da bi yake buɗewa, abin da na san da a ce ransa a sake yake zai yi ta murna da shi. Ya miƙo mini kawai ya ce, "Baffa, kai yi." Ni na buɗe, hannuna na rawa saboda sauri. Sai wani wasa na haɗa tambarin gidajen samurai, muka gane na Tokugawa mai ganye uku don mun gan shi da safe a Nijo, sauran muka yi ta fama. Ba zan ɓoye ba, waɗannan ma an tsara su da basira, kuma wannan ne yake ƙara mini takaici, don wanda ya zauna ya ƙirƙiro ɗakin nan ya san aikinsa, masu kula da shi ne suka yi masa sakaci. Mun samo wasiƙar, tana hannun Yaya, ina kan lamba ta uku a kwaɗon ƙofar ƙarshe, sai ƙararrawa ta fara bugawa. Sau shida. Fitila ta kunnu.

Da muka fito aka miƙo mana allo mai rubutun cewa ba mu kuɓuta ba, wai mu riƙe a ɗauke mu hoto. Yaya ya ce a'a, cikin natsuwa. Na nemi ganin babbansu. Mutumin ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba, ya yi ta sunkuyawa yana ba da haƙuri, kuma ban ga alamar raini a tare da shi ba, wannan dole in faɗa. Har na fara sauka, na ce a raina ai kowane inji yana iya cijewa. Amma da na tambaye shi me ya sa ba a tsayar da agogo ba, sai ya ce dokarsu minti 60 ce ga kowa, kuma akwai wasu suna jira a waje. Da na ce to wurin da fenti ya goge fa, sai ya sake ba da haƙuri bai amsa ba. Abin da ya ba mu shi ne takardar rangwame idan mun sake zuwa. Yaya da ɗansa jirginsu zai tashi daga filin jirgin Kansai bayan kwana biyu. Yaushe za su sake zuwa? Kuma ko ni da nake nan, me zan koma yi a ɗakin da na riga na san duk amsoshinsa?

Ni ba kuɗina nake nema a mayar mini ba. Abin da na roƙa ƙarami ne: ma'aikaciyar ta zo ta faɗa wa yaron da bakinta cewa tun farko daidai ya ɗora takobin. Aka ce tana cikin shirya ɗaki wa masu shiga. Muka sa takalmanmu muka tafi.

A jirgin ƙasa muna komawa gida ya jingina da taga bai ce uffan ba. Sai da muka yi sallar isha'i, ina shimfiɗa masa wurin kwana, ya ce, "Baffa, da gaske daidai na sa, ko kuna faɗa ne don kada in ji haushi?" Na zauna na rantse masa, na nuna masa hotunan takubba a gidajen tarihi a wayata, mariƙi hagu, kaifi sama, kamar yadda ya yi tun karon farko. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To da mun fita ke nan." Na ce da mun fita da sauran lokaci mai yawa.

Taurari biyu na ba su a shafinsu, ɗaya don wasan ƙararrawar nan da Yaya bai daina ba da labarinsa ba har a filin jirgi, ɗaya don lungun mai kukan tsuntsu. Idan har za ku je, musamman da yara, ku tambaye su tun a bakin ƙofa ko suna tsayar da agogo idan kayansu suka cije. In kun ɗora takobin mariƙi hagu kaifi sama durowa ba ta fito ba, kada ku ɓata lokaci kuna juya shi, ku kira su nan take. Na aika musu da saƙon imel tun washegari, na ce su gyara durowar su kuma rubuto wa yaron layi ɗaya in tura masa gida. Yau kwana uku da aikawa, ban ga amsa ba.